Abin da Inna ta zuba cikin ƙasa

Yayana Mamman ya ce kada in rubuta wannan, wai tonon asirin mamaci ne. Na ce masa asirin da aka gama tonawa a gidajen biki da bakin famfo, me ya rage a rufe? Abin da ba a faɗa ba shi ne mahaifiyarmu ciwo ta yi, kuma ciwon yana da suna, yana da magani. Shi nake son wanda ke da irin wannan majinyaci a gida ya sani tun da wuri, don mu sai da muka sha wuya muka sani.

Sunana Rabi, ɗinki nake yi a cikin gida a Kaura Namoda. Mijina direban babbar mota ne, in ya yi Kudu sai mu yi wata ba mu ga ƙeyarsa ba. Inna ta dawo wurina ne daga ƙauyenmu da ke kusa da Birnin Tsaba, bayan ɓarayin daji sun kashe Baba a gona. A wajenmu ba a cika cewa 'yan bindiga ba, ɓarayi kawai ake cewa, kowa ya gane. Ta zo da ƙullin kaya ɗaya da akuya, na share mata ɗakin da ke kusa da zaure.

Inna ungozoma ce tun muna yara. Ba ta yi wata biyu a Kaura ba unguwa ta san da ita. Duk gidan da aka haihu ita ake aiko wa, ta wanke jariri, ta yi wa mai jego wankan ganye, ta dama kunun kanwa. Da yamma ɗakinta ya cika da mata, ana hira ana ɓarar gyaɗa. Mace ce da ba ta iya cin tuwo ita kaɗai, ko loma uku ce sai ta kira wani ya sa hannu. Na ji daɗi ƙwarai, na ce mutane za su mantar da ita abin da ta gani.

Ni ce na fara rasa abubuwa. Yau ɗan almakashi, gobe allin ɗinki, jibi maɓalli ɗaya daga cikin shida. Na zargi masu kawo ɗinki, na zargi ɓera, na zargi kaina. Kuɗi kuwa ko na bar su a kan keken ɗinki tun safe, nan zan same su. Wata rana Inna ta tafi wankan jego, na ɗaga katifarta zan shanya. Ga abin da na gani a ƙarƙashinta: cokula da ba namu ba, murfin kofi, tandun kwalli, matacin kai mai karyayyun haƙora, takalmin jariri ƙafa ɗaya, ga almakashina a tsakiya. Duk tarkacen, in ka zuba a kasuwa ba mai taya maka.

Da ta dawo ta ga katifa a waje, sai ta zauna a bakin ƙofa ba ta ko cire mayafi ba.

Na ce, "Inna, mi ka kawo kayan ga ɗakinki?"

Ta ce, "Ni niɗ ɗauko su, Rabi. Kak ki tambaye ni dalili, ban da shi. In nig ga abu aje, sai in ji ƙirjina shina zahi awa an ɗora mani garwashi. Ba ni samun sa'ida sai na ɗauka. In niɗ ɗauka in ji sanyi. Kahin in kai ƙohwar gida kunya ta kama ni, in ji awa in mutu."

Ban taɓa ganin Inna tana kuka irin na ranar ba, ko ranar da aka kawo gawar Baba. Muka yi shawara ni zan riƙa mayarwa. In na kai ɗinki gidan da aka ɗauko cokali, sai in faki ido in sake shi bayan randa. Haka na yi ta yi satin farko da na biyu, ina ɓoyewa kamar ni ce mai laifin. Abin da ban sani ba, wasu kayan Inna ta ƙulle su a haɓar zaninta tana yawo da su, wai ita ta ɗauko, ita ya kamata ta mayar in ta samu sarari.

Ana haka aka yi suna a gidan Hajiya Kulu, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ta fi kowa zama a ɗakin Inna. Surukarta ce ta haihu. Ana tsakiyar biki mai jego ta nemi zobenta na azurfa da ta cire ta ajiye a bakin taga, babu shi. Aka zazzage gado, aka ɗaga tabarmi, babu. Sai Hajiya Kulu ta ce a ɗebo ƙasa.

Ga wanda bai san al'adar ba, in abu ya ɓace a taron mata ba a caje kowa. Ana ajiye daro a ɗaki, kowace mace ta fita ta ɗebo ƙasa a hannu ko a bakin zani, ta shiga ita kaɗai ta zuba, ta fito. Wadda ta ɗauki abin sai ta tura shi cikin ƙasar. In an gama a tankaɗe, mai abu ta ɗauki abinta, ba wanda ya san ko wace ce. Don rufin asiri aka yi ta, kuma ta rufa wa mata da yawa asiri.

Ina kallon Inna lokacin da ta shiga. Ta ɗan jima fiye da kowa, ta fito fuskarta a sake, har tana murmushi. Na ce a raina Allah ya rufa mana. Aka kawo rariya aka fara tankaɗe a tsakar gida, mata sun yi da'ira. Zobe ya fito, aka yi guɗa. Sai ga cokali mai zanen fure. Sai ga tandun kwalli. Sai ga takalmin jariri ƙafa ɗaya. Baiwar Allah, da ta ga an ba ta ɗaki ita kaɗai ba mai kallo, sai ta kwance haɓar zaninta ta juye duk abin da ke damunta a ciki.

Wata ta ce, "Kai, wanga tanduna na, tun haihuwar Aminu nike biɗa tai." Wata ta ɗauki takalmin ta ce na ɗiyarta ne. Mai cokali ma tana wurin. Gida uku, duk an haihu a cikinsu a 'yan watannin nan. Ba sai an kira malami ya duba ba, mace ɗaya ce ta shiga ƙuryar ɗakin duk ukun. Hajiya Kulu ta ce, "To, an gani, alhamdu lillahi. A ci gaba da biki." Ba wadda ta kalli Inna, kuma wannan rashin kallon ya fi zagi zafi.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke. Ba wanda ya zo ya ce mana komai, sallama ce kawai ta daina shigowa. Aka haihu a gidan da ke kallon namu, aka ɗauko wata ungozoma daga can bayan tasha. Masu kawo mini ɗinki suka ragu, waɗanda suka saura suna tsayawa a zaure. Maganar da ta fi ci mini rai a bakin famfo na tsince ta: wai ɓarayi sun koro ta, ashe ita ma tasu ce. A garin da kowane gida yake da wanda ɓarayi suka kashe ko suka ɗauke, wannan suna ba ƙaramin abu ba ne a ɗora wa matar da suka mayar gwauruwa.

Dangi kuwa kowa ya zama likita. Yaya Mamman ya zo daga Shinkafi ya ce aljani ne, tun a daji ya biyo ta. Gwaggonmu ta aiko cewa sammu ne, wata ungozomar ce ta ga Inna ta ƙwace mata gidaje. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har labulen ɗakin ya canza launi, aka kawo mai ruƙiyya ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Ba aljanin da ya yi magana ta bakin Inna. Ban raina addu'a ba, ni ma na yi, amma a satin da aka gama ta je awo ta dawo da murfin kwalba a hannu.

Yaya ya ce in ba shi ita, canjin wuri zai taimaka. Ta yi 'yan makonni a Shinkafi. Matarsa ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa, ta bi komai ta sa wa kwaɗo, har akwatin ashana sai ta kulle a kabad. Da na je dubiya na tarar Inna ta rame, idonta ya faɗa, tana zaune a ɗaki ita kaɗai da kwanon tuwo a rufe tun na jiya. A ƙarƙashin filonta akwai kwaɗo guda, buɗaɗɗe, ba mabuɗi. Na yi dariya, na yi kuka, na ce ta tashi mu koma gida.

Rashin ci da rashin barci ne suka kai mu asibiti a Kaura, ba ɗauke-ɗauken ba, don ban san ana kai wannan asibiti ba. Ma'aikaciyar da ta auna ta ta tambayi abin da ke damunta a rai. Ban san lokacin da na kwashe komai na faɗa mata ba. Ba ta zaro ido ba, ba ta matsar da jakarta ba. Ta ce mu je Gusau mu ga likitan ƙwaƙwalwa. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ko sunanta ban tambaya ba.

Da na gaya wa Yaya a waya sai ya hau faɗa. "Uwarmu ba mahaukaciya ba ta! Kina son ki ƙara muna wani suna?"

Na ce, "Wanda ad da mu yanzu ya hi maka daɗi? Kai kana Shinkahi, ni ka zama cikin unguwar."

Ya kashe waya. Daga baya ya aiko da kuɗin mota, ba tare da ko gaisuwa ba.

Zuwa Gusau kansa jinya ne. Ba a fita sai rana ta ɗaga, direba yana tambayar na gaba ko hanya lafiya, fasinja kowa bakinsa da salati. Zuwan farko muka yanki kati, muka zauna a benci tun hantsi har la'asar ta kusa, aka ce likita ba zai samu ganin sauran mutane ba, mu dawo wani satin. Muka dawo gida ba ko ƙwaya ɗaya. Kuɗin mota ya fi kuɗin magani ciwo, akuyar da Inna ta zo da ita a nan ta tafi.

A zuwa na biyu muka shiga. Likitan ba babba ba ne, amma yana da haƙurin sauraro. Ya gwada ta ko mantuwa ce, ya tambaye ta sunayen jikokinta da abin da ta ci da safe, ta ba shi amsa tsaf. Ya tambayi abin da take ji kafin ta ɗauka da bayan ta ɗauka. Sannan ya ce, "Mama, yaushe abin ya fara?"

Ina shirin cewa bayan rasuwar Baba, sai Inna ta riga ni. "Tun haihuwata ta hwari."

Na juya na kalle ta. Haihuwar fari Yaya Mamman ne, mai furfura a gemu.

Ta ce, "Da ba shi da yawa, sai shekara ta zagayo bai taso ba. Malam ya sani." Baba take nufi. "In niɗ ɗauko, sai in aje mai cikin aljihun riga. Shi ka zuwa gidan shi ce yara sunka kwaso wurin wasa. Bai taɓa ce mani don mi ba. Da yat tahi, abin yaƙ ƙaru, kuma ba ni da aljihun da za ni sa wa."

Duk tsawon rayuwata ina ganin Baba yana fita da ludayi ko faifai yana cewa yara sun kwaso, har mu sha faɗa a gaban mutane, mu da ba mu taɓa komai ba. A ɗakin likita na san dalili.

Likita ya ce ciwon sunansa kileftomeniya, sai da na sa ya maimaita. Ya ce baƙin ciki da firgici suna ƙara masa ƙarfi. Maganarsa ɗaya ta zauna mini har yau: "Ɓarawo yana ɗaukar abin da yake so ne. Mama abin da ba ta so take ɗauka." Ya rubuta maganin damuwa, ya ce ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi makonni. Ya ce kada a caje ta, kada a kulle mata kaya a gaban idonta. In abin ya taso ta faɗa da baki, ta bar wurin, hannunta kuma kada ya zauna banza.

Makonnin farko magani ya wahalar da ita, jiri, tashin zuciya, baki ya bushe. Sau biyu ta ce a bari. Na lallashe ta, wani lokacin na yi mata tsawa, don ni ma ba waliyyiya ba ce. Na samo mata auduga da mazari ta koma kaɗin da ta bari tun ƙuruciya. In za mu kasuwa tare muke zuwa. Muna cikin tafiya sai in ji ta damƙe mini wuyan hannu ta ce, "Rabi, ya taso." Sai mu juya ko ba mu gama awo ba. Sau ɗaya ta kuskure ta ɗauko allura a shagon mai kayan ɗinki, ta koma da ƙafarta ta miƙa masa. Muna komawa Gusau duk wata, likita yana zama da ita su yi magana. Kafin damina ta faɗi ta fara barci, ta fara cin abinci, aka yi watanni hannunta bai ɗauki ko tsinke ba.

Duk tsawon lokacin mutum ɗaya ce ke shiga ɗakinta: Adama mai nono, Bafulatana, wadda ita ma tun da rikici ya yi tsanani gidaje da yawa suka daina kiranta. Tun kafin mu fara zuwa Gusau Inna ta taɓa ɗauke mata ludayi. Da na mayar mata ina ba ta haƙuri, sai ta yi dariya ta ce, "Bar shi nan wurin Inna. In na zo ina da na damu, ba sai na ɗauko wani ba." Takan sauke ƙwarya ta dama fura su sha tare a kwano ɗaya. Ranar da Adama ta zo, ranar Inna ke ƙoshi. Amma ba kullum hanya ke barinta ta shigo gari ba.

Da na ga sauƙi ya samu, na ɗauki mayafi na shiga gidan Hajiya Kulu. Na yi mata bayani tun daga farko, har maganar likita na faɗa mata. Ta saurara, ta ce, "Allah sarki. Ashe har magani aka ba su yanzu. Allah shi ƙara sauƙi, ki gaishe ta."

Na ce, "Hajiya, katanga ɗai ta tsakaninmu. In kin shigo kin gaishe ta da kanki, ya hi mata maganin."

Ta ce, "Ina nan tahe, in sha Allahu."

Na dawo Inna ta tare ni a bakin ƙofa. "Ta ce tana zuwa?" Na ce ta ce. Tun daga ranar, kowace la'asar sai ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarma ta biyu, ta zuba gyaɗa a faifai. In magariba ta yi ta naɗe. In ta ji guɗar haihuwa a unguwa sai ta ajiye mazari, ta ɗora mayafi a cinya ta zauna tana kallon zaure. Ni ina kan keke ina jin ta. Kaɗaicin da na ji a watannin nan, da mutum biyu a gida ɗaya, ban taɓa jin irinsa ba.

Ga abin da nake son mai karatu ya riƙe. In ka ga naka yana ɗaukar abin da ba ya bukata, yana ɓoyewa, yana kuka, kai shi asibiti tun kafin unguwa ta sani. Maganin likita ya yi wa Inna aiki cikin watanni. Abin da ya fita a bakin mutane kuwa ban samu inda ake sayar da maganinsa ba. Ina godiya ga likita, da ma'aikaciyar Kaura, da Adama, da mijina da bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba, da Yaya da ya biya mota yana fushi. Sauran kuma na bar su da Allah, ban ce na yafe ba tukuna.

Inna ta faɗi ne tana alwalar la'asar, cikin damina. Hawan jini, in ji asibiti. Ba ta ƙara magana ba, washegari da hantsi ta cika.

Kafin a gama haɗa ta gidan ya cika maƙil. Duk matan unguwa sun zo, waɗanda ta wanke wa 'ya'ya da waɗanda suka yi hira a ɗakinta. Tsakar gida ba ta ɗauke su ba, suka shiga ɗakin Inna suka zazzauna, har kan katifarta. Ana ta cewa mace ce mai hannu, jaririn da ta wanke ba ya ciwon cibi. Hajiya Kulu tana kusa da ni tana share hawaye, kuma na yarda hawayen gaske ne.

Da aka kira azahar ta miƙe za ta yi alwala. Ta cire zobenta da agogo, ta ɗora a kan jakarta, jakar ma a buɗe, ta bar su nan a kan filon Inna. Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo ta ce mini, "Bari in yi alwala in dawo, Rabi. A bar su nan, ba komi."

Na ce, "E, Hajiya. Yanzu kam ba komi."